Kulki a Gaban Bulama

Shekaranjiya wani yaro ya kawo min wayarsa caji, idonsa ya kai kan tsohon hannun gem ɗin nan da na rataye a ƙusa. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce masa da irinsa na yi aure, da irinsa na yi ginin da nake ciki, domin ni na fara buɗe shagon gem, wato wasan talabijin, a unguwarmu a nan Haɗeja. Sai ya bushe da dariya ya ce, "Kai Baba Garba, ashe kun ci banza. Kana zaune a inuwa yara suna kawo maka kuɗi." Na zare wayarsa na miƙa masa tun ba ta cika ba. To ku da kuke kan bencin nan kuna jiran naku su cika, ku ba ni kunnuwanku, tunda dai hannuwanku ba su da abin dannawa. Sana'ar da ake ce wa banza sai da ta kai ni gaban mai unguwa, aka kusa rufe min shago saboda jakin da ban taɓa hawa ba.

Ban faɗo cikinta daga sama ba. Tun a shekarun tamanin mahaifina ya kai ni wurin Oga Yohanna, mutumin Filato, mai gyaran rediyo a bakin tasha. Shekarar farko ko ƙarfen liƙa dalma bai bar ni na taɓa ba. Aikina kwance bayan rediyo da korar kyankyasai, don rediyon mutanen fadama ba ya zuwa shi kaɗai, da iyalansa yake zuwa. Oga yakan ce, "Garba, kafin ka zargi inji, zargi datti. Kafin ka zargi datti, leƙa ko akwai mai haya a ciki." Yana kuma da doka guda da ba ya wasa da ita: kada ka miƙa wa mutum abin da ka san a lalace yake. Ya taɓa sa ni na bi wani Bafulatani a guje har bakin kogi don kawai mun manta ba mu ɗaure masa noti ɗaya ba.

Ranar da ya yaye ni, a farkon shekarun casa'in, ya ba ni ƙarfen liƙi da sukundireba da wani baƙin inji da ya tsinta a gwanjon Kano, da kaset ɗaya tak wanda takardar jikinsa ta goge. Ya ce, "Ni dai na kunna na ga mutane suna dukan juna a kan babur, na kashe. Je ka gani ko za ka ci abinci da shi."

Na kama ɗan shago, na sami tsohuwar talabijin mai kala, na kafa benci, na rataya labulen buhu don kada a yi min kallon kyauta. Kaset ɗin nan tseren babura ne, amma ba tseren mutunci ba. Za a jera ku a kan titi a sake ku, ka naushi na damanka, ka shuri na hagunka, in wani ya ɗago maka kulki ko sarƙa ka fizge ka rama. Ga motoci suna tahowa, ga shanu a kan hanya ba makiyayi. In ka faɗi, sai ɗan mutumin naka ya tashi ya ruga da ƙafa ya je ya ɗago babur ɗinsa. Akwai kuma ɗan sanda da ke biye da ku a kan nasa babur, in ya tarar da kai a ƙasa ko a tsaye, ya kama ka, wasanka ya ƙare. Ba wanda ya san sunansa na Turanci. Yara suka sa masa Kulki, sunan ya bi shi.

Hura kaset kaɗai ilimi ne. Ka sa shi ya ƙi kamawa, talabijin ta yi ta zane-zane kamar tabarmar kaba, sai ka zare ka hura. Amma da busasshiyar iska ake hurawa, daga gefe zuwa gefe. Yaron da ya gama shan rake in ya hura maka, washegari tururuwa za ka tarar sun kafa gari a ciki. Don haka ni kaɗai nake hurawa, in ta ƙi in bi haƙoransa da auduga da sifirit. Ga adafta mai kai wa injin wuta, wadda ke ɗaukar zafi har ta iya dafa ƙwai. A kan murfin randa nake ɗora ta, in lulluɓe randar da jiƙaƙƙen tsumma. In an ɗauke wuta ina tsakiyar layi, ni ne jan janareta, ni ne rabon faɗa, ni ne alƙalin wanda ya rantse saura ƙiris ya zo na ɗaya.

Hannun gem kuwa shi ne ciwon kai. Maɓallai uku ne a jikinsa: na wuta, na duka, na birki. Na duka shi ke fara mutuwa, don yaro ba danna shi yake ba, kashe shi yake da babban yatsa yana cije leɓe. In robar ciki ta huje, in yanko wata daga tsohon silifas, in liƙa mata takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, ta koma aiki. Na wuta shi ke bi masa. Na birki kuwa, duk hannun da na kwance sai in tarar da shi sabo fil, ko harafin da ke kansa bai goge ba. Ba a taɓa kawo min ƙarar birki ba.

Kuma kada ku ɗauka yara ne kawai. Akwai Modu, wani ƙaton masunci da ke zuwa da hantsi bayan ya sayar da kifinsa. Modu bai taɓa yarda cewa yatsa kaɗai ke juya babur ba. In an zo kwana, da dukkan jikinsa yake kwantawa kamar yana karkata kwalekwale. Ranar farko ya kwanta hagu, benci ya tashi, duk wanda ke kai ya zube waje har da labulen. Sai da na haƙa rami na binne ƙafafun bencin. In ya tashi kuma, hannun gem ya wuni yana ƙarnin tarwaɗa, kyanwoyin unguwa su yi layi a bakin ƙofa.

Muna cikin haka muguwar shekara ta zo. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cika fadama, kacala ta yi tsayi ta fi mutum. Kacala ita ce doguwar ciyawar ruwan nan mai kai kamar zangarniyar gero, wadda in ta bushe ka buga ta sai ta fashe ta tashi kamar audugar rimi. Yara suka duba suka ga ai wannan kulki ne Allah ya shuka musu kyauta. Babur kawai suka rasa. Sai suka lura Malam Hudu mai jakuna yana ɗaure dabbobinsa a gindin jingar da ke tare ruwan fadama da rana ya tafi sallah da cin abinci. Abin nema ya samu. Suka riƙa kwance jakunan suna tsere a kan jinga, kowa da kacalarsa, suna tafkar juna, suna yin kukan babur da baki. Da yamma yaro ya koma gida fari fat, uwarsa ta yi ta salati.

Cikin jakunan akwai wani da Hudu ke kira Auraki, shi yara suka fi so don ya fi gudu. To ashe jaki ma yana koyon hali. Auraki ya saba da cewa duk wanda ya zo wuce shi duka zai kawo. Ranar kasuwa Hudu ya yi masa lodin tukwanen mata masu gini, ya haye bayan kayan, suna tafe a hankali a kan jinga. Sai ga wani malamin firamare a kan keke, ya kaɗa ƙararrawa zai wuce. Auraki ya miƙe kunnuwa, ya kai wa keken harbi, ya zuba a guje. Malamin ya faɗa dama, Hudu ya faɗa hagu cikin shinkafar mutane, tukwane suka yi ta tarwatsewa har ƙarshen jingar. Da aka je tattarawa, murfi ɗaya aka samu da rai.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Washegari aka aiko ina da kira a zauren Bulama Kyari. Bulama shi ne mai unguwarmu, haka muke kiransu a nan. Dogo ne, kakanninsa daga wajen tafkin Cadi suka zo, ba a cika ganin haƙoransa ba. An san shi da abu guda: ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani da idonsa ba. An taɓa kawo masa rigimar koma tsakanin masunta biyu, ya tuɓe babbar riga ya shiga kogi har ƙirji don ya ga inda kowa ya kafa turkensa.

Na tarar da zauren a cike. Hudu na zaune da ƙafa a naɗe da tsumma, ya ajiye murfin nan a gabansa a matsayin shaida.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, jakin nan tun yana ɗan ƙarami nake tare da shi, bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Yau ko kaza ta zo wuce shi sai ya kai mata hari. Shagon yaron nan ne ya lalata min shi. A rufe shi kawai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi jakinsa bai taɓa shigowa shagona ba."

Iyayen yara suka yi caa a kaina, kowa na ba da labarin farin da ya wanke a kan ɗansa. Ni kuwa shagon nan shi kaɗai gare ni, kuma an riga an kai min kuɗin gaisuwa gidan su uwar 'ya'yana. Bulama ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Ya ce, "Ji na ji. Amma gani ya kori ji. Garba, gobe bayan la'asar ka share wurin, ina zuwa."

Ya zo, unguwa ta biyo shi. Na ɗage labulen buhu gaba ɗaya, na shimfiɗa darduma a kan benci. Na zaɓo hannun da ya fi lafiya, na goge ƙarnin Modu, na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi ƙwaryar fura. Na nuna masa wuta, na nuna masa duka, na nuna masa birki. Babura suka jeru a talabijin.

Ya ce, "Wanne ne ni?"

"Na tsakiyar nan, ranka ya daɗe."

"Waɗannan fa?"

"Abokan tsere ne."

"Mun taɓa samun saɓani da su?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me ya sa wancan ya zo da sarƙa?"

Sai aka saki tsere. Kowa ya wuce ya bar shi yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Yara suka yi ta raɗa masa ya ƙara wuta, ya ɗan ƙara, ya cim ma na ƙarshensu. Yana zuwa daidai shi, mutumin ya juyo ya sakar masa kulki a ka. Jama'a suka ce, "Kai!" Bulama ya ce, "Na yafe." Ya ƙara masa. Ya ce, "Na yafe." Garin neman ya kauce, babban yatsansa ya zame ya sauka a kan maɓallin duka. Ɗan mutumin nasa ya ɗaga ƙafa ya shuri wancan, ya yi sama, ya yi ta mirginawa a kan kwalta, babur ɗinsa ya yi gaba shi kaɗai.

Yara suka yi tsalle suna ihu. Bulama kuwa fuskarsa ta canza. Ya ce, "Innalillahi! Garba, ina birkin?" Ya danne shi da ƙarfi. A shagona, wannan ne karo na farko da na ga babur ya tsaya cak da gangan.

Ya sunkuyo kusa da talabijin ya ce, "Sannu, bawan Allah. Sannu. Ba da niyya ba ne."

Yara suka ce, "Baba ka wuce! Baba ka gudu!"

Ya waiwayo ya ce, "In wuce mutum a kwance a kan hanya? Wa ya koya muku haka?"

Bai rufe baki ba muka ji jiniya. Ɗan sanda ya iso ya tsaya a gefensa, hoto ya daskare, rubutu ya fito.

"Me aka rubuta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wai an kama ka."

Kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya, sai Modu da ya kasa, ya fita da gudu ya je bayan shago ya yi ta ihu kamar ana yanka shi.

Bulama ya ce, "Ni? Ni da ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba sai don belin wani? Mai sarƙa ya wuce, mai kulki ya wuce, ni da na tsaya jinya ni aka kama? Wannan ɗan sandan ɗan wace unguwa ne?"

Hudu ya yi wuf ya ce, "Ka gani da idonka, ranka ya daɗe. A rufe."

Bulama ya daɗe yana kallon talabijin. Can ya ce, "Farkon hanya na gani. Ban ga ƙarshenta ba. Ba na yanke hukunci a kan hanyar da ban san inda take kai mutum ba. Sai na kai ƙarshe da kaina. Kafin nan, duk yaron da aka ƙara gani a kan jakin Hudu, ubansa zan kira. Sannan a shagon nan, duk wanda ya kayar da wani sai ya tsaya ya yi masa sannu."

Wannan ita yara suka sa wa suna dokar sannu, kuma ita ta kusa kashe ni da yunwa. Wane yaro ne zai biya don ya yi wa talabijin sannu? Wani ya buɗe shago can wajen tasha inda ake duka a wuce, rabin mutanena suka koma can. Ruwa ya shigo shagon ya kai idon sawu, na ɗora inji a kan bulo ina hura kaset ƙafata cikin ruwa. Na koma karɓar gyaran rediyo da tocila, wata rana kifin da Modu ya ajiye min shi ne abincin rana da na dare. An ɗaga maganar aurena zuwa bayan kaka, dangin yarinya suka ce sai an ga yadda shari'a ta ƙare.

Shi kuwa Bulama bai fasa ba. Bayan la'asar zai zo, ya cire takalmi, ya ce, "Garba, kunna binciken." Wata rana ya yi karo da saniya, ya ba ta haƙuri. Wata rana ya shige ƙarƙashin mota. Amma abin da ya fi kayar da shi tsayawa ne, domin ba wanda ya kayar kaɗai yake tsaya wa ba, duk wanda ya tarar a ƙasa sai ya ja birki, ɗan sanda kuwa kamar an haɗa su gaba. Dattawa suka fara zuwa kallo. Hudu ma kullum yana nan a kan benci, wai ya zo bin kadin shari'arsa, sai ka ji shi yana cewa, "Hagu, ranka ya daɗe, hagu! Ga saniya nan!"

To sannu a hankali tsohon nan ya fara iyawa. Ya san kwanoni, ya san inda shanu ke tsayawa, ya iya sunkuyar da babur mai sarƙa ya kai duka ya sami iska. Kowa na yaba masa, ni kuwa hankalina yana tashi, don ni na san abin da ke ƙarshen hanyar. A can tutoci ne da tafi, wanda ya fi kowa mugunta shi ake ɗagawa sama a ba shi lada. In Bulama ya ga wannan, ba ni da sauran magana. Shi ma bai ɓoye min ba. Wata rana yana sa takalmi ya ce, "Ɗan nan, ka shirya. Na kusa. Abin da na gani shi zan faɗa, ba zan dubi fuskarka ba."

Modu ya ja ni gefe ya ce, "Kai wawa ne? Ba kai ne mai gyara ba? Sassauta robar wutar mana, ya yi ta dannawa babur na tafiyar hawainiya. Ko ka bar min janareta, in ya kusa in yi tuntuɓe da waya."

Na tafi wurin Oga Yohanna na kwashe duka na gaya masa. Bai ko ɗago kai daga rediyon da yake liƙi ba. Ya ce, "Me na koya maka?" Na ce kada in miƙa wa mutum abin da na san a lalace yake. Ya ce, "To me ka zo yi? Miƙo min filaya."

Na dawo na kwance hannun Bulama, don tun ranar farko na ware masa nasa. Na goge shi tas. Robar wuta lafiyarta ƙalau, ta duka kamar yau aka yi ta. Ta birki ce ta huje. Na zauna ina kallonta, don tunda nake ban taɓa canza robar birki ba, sai da na yi awo na yanko sabuwa daga silifas. Na liƙa, na gwada, ta kama tsaf.

Washegari kamar an yi shela. Mutane har kan katangar maƙwabta. Bulama ya yi bismilla ya danna wuta, kuma ranar hanya ta ba shi. Ya wuce shanu, ya ratsa tsakanin motoci biyu, mai kulki ya kai masa ya kauce. Ba wanda ya faɗi a gabansa. Ya wuce wuraren da bai taɓa kai wa ba. Modu ya kwanta dama, ya kwanta hagu, har bencin da na binne yana ƙara. Ni kuwa na jingina da randa ina lissafin wanda zai sayi talabijin ɗin. Sai ga jiniya can baya. Sai ga tutoci sun ɓullo a gaba, ƙanana, suna girma.

Hudu ya miƙe tsaye a kan gurguwar ƙafarsa ya ce, "Ga shi nan! Ga ƙarshen nan!"

A daidai nan wani mai jan babur da ke gaban Bulama ya waiwaya zai kai wa na kusa da shi sarƙa, bai ga alamar hanya ba, ya rungume ta. Ya yi sama ya faɗo a tsakiyar titi, ƙafafu a sama.

Hudu ya ce, "Ba kai ka kayar da shi ba! Wallahi ba ruwanka! Mai sarƙar nan ne ma da ya dame ka! Wuce, ranka ya daɗe, don Allah wuce!"

Na ga babban yatsan Bulama ya ɗaga daga kan wuta. Ya ɗan tsaya a sama. Sannan ya sauka a kan sabuwar robata, babur ya ja ya tsaya, tutoci na kaɗawa a gabansa kamar daga nan zuwa bakin ƙofar can.

Ya ce, "Sannu, bawan Allah. Ka ga irinta ko? Tashi a hankali."

Ɗan sanda ya iso. Rubutun da duk unguwa ta haddace ya fito.

Hudu ya zube a kan benci kamar zai yi kuka. Ya ce, "Haba ranka ya daɗe! Taku nawa ya rage?"

Bulama ya juyo ya dube shi. Ya ce, "Hudu, ranar da Auraki ya zubar da kai a shinkafa, wa ya ciro ka?"

Ƙasa-ƙasa Hudu ya ce, "Malamin da aka harba ne."

"Da ya wuce fa?"

Bai jira amsa ba. Ya miƙo min hannun gem da hannu biyu yadda ya karɓa, ya ce, "Garba, birkin nan ya yi kyau yau. Bincike bai ƙare ba. Gobe bayan la'asar."

Ban sani ba ko ya san abin da yake yi min. Ban taɓa tambayarsa ba, ba a yi wa Bulama irin wannan tambayar. Na dai san bayan kaka an ɗaura aurena, shi ya karɓa min. Yaran da suka gudu tasha suka dawo ɗaya bayan ɗaya, domin sun gano cewa ka kayar da mutum, ka tsaya, ka ce sannu, ka tsere kafin ɗan sanda ya iso, ya fi duka a wuce wuya da daɗi nesa ba kusa ba. Wani baƙo ya taɓa zuwa daga Kano yana cika baki, ya kayar da mutum ya wuce, shagon gaba ɗaya ya ɗauka, "Ba ka da iyaye ne?" Hudu kansa ya koyi bugawa, kuma ban taɓa ganin mugu a kan babur irinsa ba. Auraki dai bai shiryu ba har aka sayar da shi a Kafin Hausa, aka gaya wa mai saye kada ya bari a wuce shi.

Bulama Kyari ya ci gaba da zuwa har idonsa ya daina rarrabe saniya da mota. Bai taɓa kai ƙarshen hanyar ba, Allah ya jiƙansa. Da aka naɗa ɗansa na je gaisuwa na tuna masa da maganata, ya ce shi bai isa ya yanke hukunci a kan binciken da mahaifinsa bai kammala ba. Don haka shagon nan da kuke caji a cikinsa, har yau shari'arsa tana gaban Bulama.

Kai mai jar hula, miƙe ka sauko min da hannun nan daga ƙusa. A hankali, wayar ta tsufa. Zagaya da shi kowa ya taɓa. Kun ga na duka, har yanzu harafinsa yana nan raɗau. To ku sa yatsa a kan na birki ku ji ramin da ya yi.